Yadda Ake Mai da Miji Raƙumi Har a Kira Ki Ɓarauniya

Ƴar'uwa, idan kina da labarin da ya tsaya miki a maƙogwaro, ba ya shiga ba ya fita, matso in koya miki. Na yi miki alkawari, in kin bi matakan nan yadda na jera su, za ki rubuta labarin dabbobi, za a saurare shi gaban jama'a, kuma kafin ki naɗe tabarmarki za a kira ki ɓarauniya. Wannan babu shakka a cikinsa. Ni na gwada a nan Akokan, gefen Arlit, ya yi aiki har ya wuce yadda na so.

Kada ki ce ba ki da ilimi. Ni ma karatun manya kaɗai na yi, a rumfar da ke bayan kasuwa. Har yau in na ja layi, a sama yake farawa ya ƙare a ƙasa, kamar akuya mai saukowa daga dutse. Bai hana ni zama gwana ba. A garin nan duk wanda aka taɓa zagi a kan abu, ya zama malaminsa.

Mataki na ɗaya: Nemi mutumin da ba a faɗin sunansa

Labarin dabba ba da dabba yake farawa ba. Wanda ya ce ki je ki zauna gaban akuya ki lura da halinta, so yake rana ta gasa ki. Akuya ba ta da labari, kwali take nema ta ci.

Mutum za ki nema, wanda bakin kowa ya ƙi sunansa. Ni nawa a gida na same shi: maigidana, baban Mina. Mutumin Abzin ne, daga wajen Gougaram. Fari ya share musu garke, ya sauko Arlit da igiyar raƙumi a kafaɗa, babu raƙumin. Ya koyi tuƙi, ya ja motar da ke kai ma'aikata bakin ramin haƙar ma'adini, har shekarar da kasuwar ma'adini ta faɗi aka rage mutane. Daga nan ya koma jan kamiyon wani ɗan kasuwa, babbar motar kaya. Lokacin tawaye ne, hanya ba ta da kyau. Wata safiya ya sha shayinsa, ya ce in ajiye masa tuwo, ya fita. Ba shi, ba motar, ba gawa.

Yanzu ki ga yadda suna yake kulluwa. Ni ƴar Tahoua ce, a gidanmu mace ba ta kama sunan mijinta, kuma ban taɓa ba. Danginsa su kuma ba sa kiran sunan wanda ya rasu, sai dai su ce "wancan namu". Sauran gari tsoro ne ya rufe musu baki: wasu sun ce kayan ƴan tawaye ya ɗauko, wasu sun ce na soja, kuma ko wanne ne, gara a yi shiru. A lakwal, wato makarantar boko, ana kiran sunan a bayan na Mina, amma wannan ba shi ake kira ba, ita ake kira. Kabarin da zan nuna wa jikoki babu. Abu ɗaya na sa a raina kafin in bi shi: in ji an ɗaga murya an faɗi sunansa gaban mutane, ko da sau ɗaya.

In ba ki da irin wannan mutum a gidanki, ki yi haƙuri ki jira. A nan ba a daɗewa ana jira.

Mataki na biyu: Zaɓi dabbar da ba za ta jawo miki duka ba

Kada ki ɗauki zaki. Ba wanda zai yarda mijinki zaki ne, ke ma ba ki yarda ba. Kada ki ɗauki dila, surukai za su ce kin kira ɗansu mayaudari. Jaki ya fi dacewa da yawancin mazan kirki, yana aiki, ana dukansa, ba ya kai ƙara, amma ki gwada kiran ɗan mutane jaki ki ga abin da zai biyo baya. Jimina kuwa yaran yanzu ba su taɓa ganinta ba, za su ce ƙirƙiro ta kika yi.

Ɗauki raƙumi. Shi ne ake ɗora wa kaya ba a gaya masa na wane ne ba.

Ga nawa a taƙaice. Wani raƙumi yana jigila tsakanin rijiya biyu. Kuraye suka tare hanya ta gabas, diloli suka tare ta yamma. Kura ta ce, kayan wa ka ɗauko? Ya ce, ni dai an ɗora mini. Dila ya tambaya, ya ba shi amsa ɗaya. Kowannensu ya ga ba nasa ba ne. Wata safiya ya tafi bai dawo ba. Raƙumarsa ta ajiye masa rabonsa na ciyawa a gindin rijiya, ta hana kowa taɓawa, har ciyawar ta zama ƙasa.

Shi ke nan. Kada ki sa darasi a ƙarshe. Ni na nemi darasin shekara da shekaru ban same shi ba.

Mataki na uku: Kai shi wurin masana

Da aka rufe ramin Akokan maza suka rasa abin yi. Wasu suka sayi kabu-kabu, wasu suka tafi neman zinariya, waɗanda ba su iya ko ɗaya ba suka kafa ƙungiyar marubuta. Suna da suna mai tsawo, amma ni Ƙungiyar Alƙalami da Shayi nake ce musu, kuma shayin ya fi alƙalamin shan wahala. Su ne suka sa gasar labarin dabbobi, aka ce duk wanda ya shiga zai karanta nasa da bakinsa a filin unguwa. Kyautar agogon bango ce. Ni ba agogo nake so ba, filin nake so.

Shugabansu Mushe Zayyadu ne, wato Malam Zayyadu da Faransanci, tsohon malamin lakwal, mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya karɓi takarduna da yatsa biyu, ya duba sama, ya duba ƙasa.

"Madam Lauratu, rubutun hannunki dai Allah ya kyauta. Amma ba shi ne matsalar ba."

"To mene ne, Mushe?"

Sai ya faɗi wata kalmar Faransanci mai tsawo da na kasa riƙewa. Na ce ya sauko da ita ƙasa.

"Wato an taɓa ji," in ji shi. "Raƙumi, kura, dila. Kakata ma ta ba ni irinsa. Daga ina kika kwaso?"

"Daga ɗakina."

"Kowa haka yake cewa. Mu sabon abu muke nema. In kina so ya zama naki, ki sa wa raƙumin nan abin da ba kowane raƙumi ke da shi ba. Mai sauraro ya ji cewa wannan ne, ba wani ba."

Ki sani masu suka iri biyu ne: wanda bai karanta ba, da wanda ya karanta layin farko. Na biyun ya fi haɗari, don yana da hujja. Kada ki yi gardama da ko ɗaya. Ki ce Allah ya ƙara basira, ki sha shayinsu har kofi na ƙarshe, don shi kaɗai za ki samu a wurin.

Abin haushin shi ne, wani lokaci shawararsu gaskiya ce. Ki shirya wa wannan ma. Ya fi zagin ciwo.

Mataki na huɗu: Gwada shi a bakin famfo

Masana sun ce kin kwaso daga kakarsu. Yanzu ki je ki ji ta bakin waɗanda ba su da tabarau. Ki bari layin ruwa ya yi tsawo, mata sun gaji da zagin famfo, sai ki ce kuna so ku ji wani labari?

Na ba su shi tun daga rijiya ta farko. Da na kai wurin ciyawa, Hansai maƙwabciyata, mai tuyar ƙosai, ta dire bokitinta har ruwa ya fantsama.

"Laure! Ashe ba ki da kunya? Wa ya ba ki izini?"

"Izinin me, Hansai?"

"Ƙanena ne wannan! Ni na gaya miki da bakina, har furar da na ajiye masa ta yi tsami na hana a zubar. Kin ɗauke furata kin mai da ita ciyawa, kina tsammani ba zan gane ba?"

"Wallahi ba naki ba ne."

"To na wa? Faɗi sunansa in ji!"

Ta san ba zan iya ba. Kafin in sami abin cewa, wata Badamagariya daga bayan layi ta ce mu daina hayaniya, mijin ƴarta ne, ko yaro ya gane. Wata tsohuwa mai sayar da itace ta yi magana da Tamajaq, harshen mutanen Abzin, tana nuna ƙirjinta, aka fassara mini: ɗanta ne, kuma ba ta yafe ba.

Kin gani? Jiya kaka ɗaya na yi wa sata. Yau kafin bokitina ya cika na yi wa gida uku. Wannan shi ake kira ci gaba. Marubucin da ba a zarga da sata ba, ba a saurare shi ba ne.

Mataki na biyar: Sa masa shaida

Yanzu ranki ya ɓaci, kuma da ɓacin rai ake rubutu mai kyau. Ki koma ɗaki ki mai da raƙumin nan naki ke kaɗai.

Na ba shi son sukari. Na ba shi waƙar da yake yi ta hanci in yana ɗaure kaya, wadda ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Na ba shi ɗingishi, don baban Mina yana ɗingishi tun yana yaro, raƙumi ne ya yar da shi a kan dutse.

Sannan na yi abin da na ɗauka wayo ne. Mutanen Abzin kowane gida da shaidarsa ta wuta da ake sa wa dabbobi. Makiyayi in ya hangi wuyan raƙumi daga nesa, zai gaya miki gidan da ya fito, da kakan gidan, da rijiyar da suke sha. Garken su baban Mina ya ƙare tun zamanin fari, amma ƙarfen shaidar yana nan a ƙasan akwatina, shi kaɗai ya gada. Sai na zana ta da kalmomi a wuyan raƙumina, layi-layi, yadda take. Na ce to, Hansai ta zo ta ce wannan ma furarta ce.

Ga hikima kyauta: baƙo yana karanta takarda, ɗan gari yana karanta wuya.

Mataki na shida: Jira surukai

Ba sai kin aika musu ba. Mina ce ta karanta wa ƴar gwaggonta, ita kuma ta kai gida. Kafin la'asar sai ga Dassin a ƙofata. Yayar baban Mina ce, tsohuwa doguwa, ba ta zama a gidan mutane sai an mutu. Ranar da ya faɗo daga raƙumi ita ta goyo shi zuwa tanti, ita ta ɗaure masa ƙafar da hannunta. Tun da ya ɓace ban ji ta ambace shi ba ko da kuskure.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ga tabarma."

"Ba zama na zo ba. Maman Mina, cire shaidar."

"Yaya, raƙumi ne fa."

"Ni ma raƙuma ce? Duk wanda ya taɓa kiwo a filin nan zai san gidanmu ne. Hamadi yana neman aikin gadi. Ana tambayar ɗan wa, jikan wa, wa ya ɓace a gidanku, a wace hanya. Kina so a tuna?"

Hamadi autanta ne, yana da mata da ƴaƴa, ba ya da aiki tun da aka rufe rami.

"An daɗe, Yaya. Wa zai tuna?"

"Ke ba ki manta ba. Don me su za su manta?"

Ta juya za ta fita, sai ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗingishin ki bar shi. Rabin direbobin garin nan ɗingishi suke yi."

To ga inda sana'ar take, ƴar'uwa. In ba shaida, raƙumin na kowa ne, ke ɓarauniya ce. In da shaida, naki ne, amma tuwon ƴaƴan Hamadi ne a kan wuyansa. Masana ba su da mataki a kan wannan. Ni abin da na yi, na goge layukan na rubuta: yana da shaida a wuya, amma igiyar kaya ta cinye ta. Ba ƙarya na yi ba.

Mataki na bakwai: Yi kuskure ɗaya

Ranar gasa ki yi wanka, ki ɗaura zanen da kike zuwa biki da shi. Filin ya cika, don ba abin da ya kai kallon kyauta jan mutanen da ba su da aiki. An jera wa masana tebur da butar shayi. Hansai ta zo da ƙawayenta, sun zauna a gaba don su kama ɓarauniya da hannu. Dassin tana can gefe a tsaye, ta zo ta tabbatar na cire abin da ta ce in cire.

Aka ba ni lasifika. Na buɗe takardata, layukan da ma a karkace suke. Na karanta rijiya, na karanta sukari, na karanta igiyar da ta cinye shaida. Na saci kallon Dassin, ta gyaɗa kai. Sai na kai inda na rubuta: raƙumin nan yana ɗingishi da ƙafar hagu.

"Ƙarya ne!"

Kowa ya waiga. Dassin ce, mayafinta ya zame, tana ratsa mutane.

"Dama ce! Ni na ɗaure ta! Aghali da ƙafar dama yake ɗingishi! Aghali ƙanena!"

Ba ta da lasifika, amma har masu kabu-kabu a bakin titi sun ji. Sai ta ji abin da bakinta ya yi, ta sa hannu ta rufe shi. Ya riga ya fita.

Ni dai ina tsaye, ina jin sunan yana yawo a kunnena kamar mutum ya shigo gida yana neman inda zai ajiye takalmi.

Hansai ce ta fara. Ba ta tashi ba, ƙasa take kallo.

"Ƙanena Fatahu shi ba ya ɗingishi," ta ce. "Gudu gare shi kamar barewa."

Tsohuwar nan mai itace ta ce, "Almustafa." Wani dattijo daga baya ya faɗi wani suna, wata ta faɗi wani. Ba kuka ake yi ba, faɗi kawai ake yi, kowa da nasa, kamar ana kiran yara su shigo cin abinci. Mushe Zayyadu ya buga tebur da murfin buta.

"Jama'a, a yi tsari! Gasa muka zo, ba zaman makoki ba!"

Zan so in ce miki dabara ce na shirya, don gwana ba ta kuskure. Ki rubuta a haka in kina so. Amma ranar da na zauna zan rubuta ƙafar, na rufe ido in gan shi yana tafiya, sai na ga bayansa kawai yana fita ƙofa. Na duba, na sake dubawa, na kasa gane wacce yake ja. Sai na zaɓi ɗaya.

Mataki na takwas: Karɓi hukunci da hannu biyu

Ba za ki ci ba. Ki sa wannan a ranki tun daga gida.

Wanda ya ci Amumun ne, tsohon mai gyaran fankar rami, da labarin wani kifi da ya sayi jirgin sama ya zama direbansa. Kifi. A Arlit. Mu da kifin da muka sani a gwangwani yake zuwa, ba kai ba wutsiya. Masana suka ce ba su taɓa jin irinsa ba, kuma gaskiyarsu. Ya rungumi agogonsa ana tafi. Ban yi masa baƙin ciki ba, yarana ma sun yi dariya a wurin da kifin ya nemi birki.

Da ana watsewa Mushe Zayyadu ya kira ni gefe, ya sauko da tabarau na goshi ya haɗa da na ido.

"Kin gani da idonki, Madam Lauratu. Ba ƙiyayya ba ce. Rabin filin nan sun san labarinki tun kafin ki buɗe baki. Babu sabon abu a cikinsa."

"Gaskiyarka, Mushe. Babu."

Ya tsaya yana jujjuya murfin butar a hannunsa. Na ɗauka ya gama.

"Ɗan'uwana shi ma kamiyo yake ja," ya ce a hankali. Sai ya gyara murya. "Amma rubutun hannunki, don Allah ki gyara."

Abin da ba ruwana da shi

Wadda duk ta bi matakan nan, ta bi su da ƙafarta. Ban ɗauki alhakin maƙwabciyar da za ta daina ba ki ƙosan gyara ba, ko masanan da za su riƙa tsallaka titi in sun hango ki da takarda. Ban ɗauki alhakin baƙin da za su cika miki gida ba, kowacce da nata, wannan tana so a mai da shi barewa, waccan tana so bijimi, kuma ba mai kawo sukari.

Hamadi bai samu aikin gadin ba. Dassin ta ce ni ce. Hamadi ya ce waɗanda suka nema sun fi filin gasa cika, kuma ɗan wani aka ɗauka. Ban san wanda ya fi gaskiya ba a cikinsu, kuma rashin sanin yana nan tare da ni. Wadda ba za ta iya ɗaukar irin wannan ba, ta rubuta kifi.

Sunan da kika gani a sama kuma ba ni na faɗa ba. Ni ƴar gidan mutunci ce. Abin da yayarsa ta faɗa gaban shaidu na rubuta, mai ƙorafi ya je wurinta.

Dassin ba ta gaishe ni yanzu. Ta dai aiko Mina da saƙo: a gaya wa uwarki ta gyara ƙafar. Na ce a ce mata na ji.

Ban gyara ba. An ce baɗi za a sake gasa a Arlit, filin can ya fi namu girma. Hagu zan ce, kuma na riga na roƙi Mushe Zayyadu a ajiye mata kujera a gaba.